Yadda Ake Rage Gudun Inji Ba Tare da an Ƙona Moto Ba

  Shirin yau na masu sana'ar hannu ne: kafintoci, masu walda, maƙera, teloli, masu injin niƙa da na markaɗe, da yaran shagon da ke koyo a hannunsu. Maganar kuwa a kan moto ce, wato injin lantarkin nan mai juyawa da ke jan bel. Yaya ake rage masa gudu? Yaya ake ƙara masa? Me ya sa dabara ɗaya za ta yi aiki a kan wani moto, a kan wani kuma ta tashi hayaƙi?

Ga magana ɗaya da za ku riƙe tun yanzu, don za ta yi ta dawowa. Moto iri-iri ne, kuma kowane iri da hanyar da ake bi a taɓa gudunsa. A san irin moton tukuna.

Mu fara da dalili. Me ya kai mutum ga neman canza gudu?

Ku leƙa Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Katako a Yamai. Za ku tarar da mai walda yana huda ƙarfe da injin huji na tsaye. Baki ɗan siriri mai kaurin milimita 3 yana son gudu, wajen juyi 2,500 a minti. Baki mai milimita 10 yana son wajen 800. Mai milimita 20 kuwa, juyi 400 ya ishe shi. Wannan lissafin na ƙarfen ƙofa da taga ne, da bakin huji na gama-gari. Baki na ƙara kauri, gudu na raguwa. Dalili shi ne gefen babban baki ya fi na ƙarami yin nisa a kowane juyi, don haka ya fi saurin ɗaukar zafi.

Wanda ya bar injinsa a gudu ɗaya tun safe har yamma zai gani da idonsa. Bakin zai yi shuɗi. Zai dakushe. Yana kuka, yana hayaƙi, ba ya cin ƙarfen. Sai a ce ɗan kasuwa ya sayar da jabu. Akwai jabu a kasuwa, gaskiya ne, amma sau da yawa bakin ba shi da laifi. Gudu ne ya kashe shi.

Haka abin yake a sauran sana'o'i. Katako na son gudu fiye da ƙarfe. Roba na narkewa in gudu ya yi yawa. Mai ɗinkin fata ba ya son allura ta tsere masa a kwana.

To, kashi na biyu. A nan za mu ɗan daɗe, don shi ne tushen komai.

Yawancin manyan injinan shago moto iri ɗaya ke jan su: injin yanka katako, injin goge katako, injin niƙa, kwamfuresa, famfon ruwa. Shi ne mai tsaga-tsaga a jiki da fanka a bayansa, ba shi da burushi a ciki. Injiniyoyi na ce masa indokshin. Tsoho ne. Nikola Tesla ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1888. A shekarar da ta biyo baya, 1889, Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG a Jamus ya ƙera mai layi uku, wanda ya yi kama ƙwarai da wanda ke shagonku yau. Ya daɗe ne saboda ba shi da rigima. In ba boris ko kwayil ba, kusan ba abin da ke lalacewa a cikinsa.

Amma yana da taurin kai a kan abu ɗaya, shi ne gudu.

Ku saurara da kyau. Wutar da ke shigowa gida da shago ba miƙe take tafiya a waya ba. Kaiwa take tana komowa, sau 50 a kowane sakan. Wannan kai-komo shi za mu kira bugun wuta. A jikin kayan lantarki ana rubuta shi da 50 Hz. Haka yake a Najeriya, haka a Nijar, da Ghana, da Kamaru, da Chadi, da Sudan.

Moton indokshin ɗan rawa ne, bugun wuta kuma shi ne kiɗan. In makaɗi ya sassauta hannu, ƙarar ganga ta ragu amma bugun bai canza ba, ɗan rawa ba zai rage taki ba. Sai kiɗa ya canza, rawa ke canzawa. Ƙarfin wuta, wato bolt, shi ne ƙarar. Bugun wuta shi ne takin. Ku riƙe wannan.

Abu na biyu da ke yanke gudu shi ne yadda aka naɗa kwayil ɗin. Naɗin na samar da kawunan maganaɗisu a cikin moto, biyu ko huɗu ko shida. Lissafin mai sauƙi ne. A ninka 50 da 120, a samu 6,000. A raba da yawan kawuna. Kawuna biyu, juyi 3,000 a minti. Huɗu, 1,500. Shida, 1,000. Moton ba ya kai wa wannan adadi cif, kullum yana ɗan baya kaɗan, kuma da wannan 'yar tazarar ce yake samun ƙarfin ja. Shi ya sa a ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikinsa za ku ga 2,900, ko 1,450, ko 960, kusa da haruffa RPM. RPM ɗin nan na nufin juyi a minti.

Wannan ɗan allo, jama'a, a daina shafa masa fenti. A daina ɓamɓare shi.

Ga abin da rashin duba shi ke jawowa. A ɗauki mai injin wasa ƙarfe wanda motonsa ya ƙone. Ya je kasuwa ya ce a ba shi mai ƙarfin doki biyu. An ba shi. Na da mai juyi 1,450 ne, sabon mai 2,900 ne. Ƙarfin doki iri ɗaya, gudu ninki biyu. Dutsen wasa kuwa yana da iyakar gudun da aka rubuta a takardar jikinsa. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ke neman tarwatsa dutsen ninkuwa yake sau huɗu. Dutse ya fashe a wannan gudu, ɓaraguzansa ba sa zaɓen inda za su sauka.

Sai kayan gwanjo. A Amurka da Kanada da Saudiyya bugun wuta 60 ne. Moton da aka rubuta wa 1,750 a can, in ya zo nan wajen 1,450 zai yi. Taransifoma na iya gyara bolt, daga 230 zuwa 120, amma ba ta taɓa bugun wuta. Mai saye ya san da wannan kafin ya biya.

Janareta ma haka. Ƙaramin janareta sai ya yi juyi 3,000 a minti yake ba da bugu 50. In aka ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa ya fara nishi, bugun ya faɗi, duk moton da ke kansa zai ja baya.

Kashi na uku gajere ne, kuma gargaɗi ne.

Kowa ya san raguletar fanka. A murɗa zuwa ɗaya, fanka ta yi sanyi-sanyi. A murɗa zuwa biyar, ta ɗauki gudu. Sai wani ya yi tunani, me zai hana a samo babbar irinta a ɗaura wa injin yanka katako? Tunanin ba na wauta ba ne, amma ƙarshensa wajen mai naɗin kwayil ne.

Raguleta bolt take ragewa. Fankar sama ɗan ƙaramin moto ne, wajen wat 60 zuwa 80, iska kawai yake turawa, kuma an ƙera shi don ya jure hakan. Moton shago ba haka yake ba. In aka rage masa bolt, gudunsa kusan yana nan, ƙarfin murɗawarsa ne ke zubewa. Bolt ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin murɗawa ya ragu da kashi 19. Aikin kuma bai ragu ba. Sai moton ya riƙa zuƙar wuta fiye da kima don ya cike giɓin. Kwayil ya ɗauki zafi. Duk mai injin niƙa ya san wannan warin, a ranar da wuta ta zo ba ƙarfi kuma ga layin mata da kwanukan dawa.

Moto mai layi ɗaya, mai ɗauke da kafasita a doronsa, ya fi shiga haɗari. A cikin da yawa daga irinsa akwai kwayil na tashi, wanda aikinsa na 'yan sakanni ne. Moto na kai wajen kashi uku cikin huɗu na gudunsa, wani ɗan makunni a ciki ya cire shi. Ƙarar ƙas ɗin nan da kuke ji in moto na tsayawa, makunnin ne ke komawa. In aka tilasta wa moton tafiya a hankali, makunnin ba zai buɗe ba. Kwayil ɗin tashi zai zauna a wuta har ya ƙone.

A taƙaice, raguletar fanka ta fanka ce. Kada a sa ta a moton indokshin na shago.

Yanzu kashi na huɗu, hanyar da ta fi kowacce araha: fuli da bel.

Fuli shi ne faifan nan mai kwari da bel ke hawa. Ɗaya a bakin moto, ɗaya a jikin inji. A nan ba a taɓa moto ko kaɗan. Yana ta gudunsa na 1,450, fankarsa na hura masa iska yadda ya kamata. Abin da ake canzawa shi ne gudun da ke isa ga inji.

Ga lissafin, a hankali. A ninka gudun moto da faɗin fulin moto. A raba da faɗin fulin inji. Misali, moto mai 1,450, fulinsa inci 3, fulin inji inci 6. Inji zai yi 725. Wani misalin: fulin moto inci 4, na inji inci 10. Inji zai yi 580. Fulin inji na girma, gudu na raguwa. Fulin moto na girma, gudu na ƙaruwa.

Akwai riba ta biyu da ba kowa ke lura da ita ba. In fuli ya raba gudu biyu, yana ninka ƙarfin murɗawa kusan biyu. Abin da aka rasa a gudu an same shi a ƙarfi. Shi ne ainihin abin da babban bakin huji ke buƙata. Saboda haka ne masu ƙera injin huji na tsaye suke sa masa fuli mai hawa-hawa a ƙarƙashin murfin sama, da ɗan zane da ke nuna gudun kowane hawa. Akwai shagunan da tun ranar da aka sayo injin ba a taɓa ɗaga murfin nan ba. Minti biyu ya isa a matsar da bel.

Inda ake son gudu ya sauka ƙasa sosai, kamar injin kwaɓa siminti ko na lanƙwasa bututu, akwatin giya ake sawa. Aikinsu ɗaya da fuli, sai dai haƙoran ƙarfe ne a madadin bel, kuma yana son mai.

Fuli na da sharuɗɗansa. In na moto ya yi ƙanƙanta da yawa, bel zai riƙa zamewa yana kuka. In aka ɗaure bel tamau don a hana zamewar, boris ne zai biya. Fulin biyu su daidaita a layi ɗaya, in ba haka ba bel zai ci gefe. Sannan a rufe bel da murfi, ko na waya ne. Babbar riga, hannun kaftani, gefen mayafi ko hijabi a wajen markaɗe, duk bel na iya fizga kafin a kai hannu ga makunni. A kashe wuta daga soket kafin a taɓa shi.

Masu sauraro, mun zo kashi na biyar. Wani irin moto ne daban.

Ku ɗauki giranda ta hannu, ko diril na hannu, ko ɗan moton keken ɗinki na gida. Sun fi ƙara, sun fi sauƙin ɗauka, kuma in kuka leƙa ta ramukan iska za ku ga ɗan tartsatsi. Waɗannan masu burushi ne, wato 'yan guntayen kabon biyu da ke goga a jikin abin da ke juyawa. Irin wannan moto bai damu da bugun wuta ba. Bolt yake bi. A rage bolt, ya rage gudu. Shi ya sa diril ke ƙara sauri gwargwadon yadda aka matsa kunamarsa, kuma keken ɗinki ke bin ƙafar mai taka feda.

A nan ƙaramin akwatin rage wuta yana aiki, muddin wat ɗin da aka rubuta masa ya fi na injin. Sai dai a sani, ƙarfi na raguwa tare da gudu, kuma 'yar fankar ciki ma na raguwa. Giranda da aka rage wa gudu aka kuma danna ta da ƙarfi a kan ƙarfe, za ta yi zafi nan da nan. Injin da ya zo da nasa maɓallin gudu daga kamfani kuma, kada a ƙara masa wani daga waje.

Giranda na da nata haɗarin. Ƙarama, mai faifan milimita 115, tana juyi wajen 11,000 a minti. Babban faifai mai milimita 230, iyakarsa wajen 6,600 ce, kuma an rubuta a jikinsa. Amma ana samun mai cire murfin ƙaramar giranda ya ɗaura mata babban faifai, don ya yanka ƙarfe mai kauri. Faifan na gudun da ya wuce iyakarsa nesa ba kusa ba, babu murfi, fuskar mutum na kusa. Maigidan shago da ya ga yaronsa na haka ya karɓe girandar nan take.

Teloli kuma nasu labarin mai daɗi ne. Babban keken ɗinki na masana'anta, irin su Juki da Brother, da can moto mai kuloci yake zuwa da shi. Ana kunna shi yana ta gurnani, ana ɗinki ko ba a yi, yana shan wuta. Gudu kuma a tafin ƙafa yake, sabon koyo na taɓa feda keke ya zabura. Yanzu akwai sabon moto, wanda ake rubuta servo a kwalinsa. Ba ya motsi sai an taka. Ana saita masa iyakar gudu da maɓalli. Ga mai koyo, ga mai ɗinkin jaka da takalmi, ga mai aiki da sola ko ƙaramin janareta, canjin ya cancanci kuɗinsa. Wanda bai da halin saye tukuna, ya sa wa tsohon moton ƙaramin fuli, zai ga sauƙi.

To, kashi na shida, kuma shi ne wanda aka fi tambaya a kai. Shin babu hanyar canza bugun wutar kansa?

Akwai. An daɗe ana nema. A 1891 wani Ba'amurke, Harry Ward Leonard, ya fito da tsarin da ake haɗa manyan injina uku don a sarrafa gudun guda ɗaya. Ya yi aiki a masana'antu shekaru da dama, amma ba kayan ƙaramin shago ba ne. A 1968 kamfanin Danfoss na Denmark ya fara ƙera na'urar canza bugun wuta da yawa don kasuwa. Ta lokacin ƙatuwa ce. Ta yau, mai ƙarfin doki ɗaya ko biyu, mutum na ɗaukarta da hannu ɗaya. A kasuwa ana ce mata VFD, wasu su ce inbata. Ba inbatar sola ta gida ba ce, ko da yake 'yan uwan juna ne. Irinta ce ke cikin akwatin famfon burtsatse mai aiki da sola.

Aikinta hawa uku ne. Ta karɓi wutar layi mai kai-komo. Ta miƙar da ita ta tara a kafasita. Sannan ta sake yanka ta da sauri ƙwarai, ta fitar da sabuwar wuta mai layi uku, da irin bugun da aka zaɓa. A murɗa zuwa 25, moto mai 1,450 ya dawo wajen rabi. A murɗa zuwa 40, ya yi kashi huɗu cikin biyar. Tana rage bolt daidai da yadda ta rage bugu, don kada kwayil ya ƙone. Wannan karon kiɗan ne da kansa aka canza.

Alherinta na da yawa, kuma biyu sun fi shafar ƙasashenmu.

Na farko, tashi. Moton indokshin in aka kunna shi kai tsaye, yana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in yana tafiya. Shi ne ƙwan fitila ke dusashewa, janareta ya durƙusa. VFD na tayar da moto sannu a hankali cikin sakannin da aka saita mata. Babu fizga. Bel da boris ma sun huta.

Na biyu, layi. Yawancin ƙananan shaguna layi ɗaya suke da shi, alhali injina masu kyau na gwanjo masu layi uku ne. Akwai VFD da ke karɓar layi ɗaya na bolt 230 ta fitar da layi uku na bolt 230. An fi samunta har zuwa kilowat 2.2, wato ƙarfin doki uku. Amma da sharaɗi. A duba allon moto. In an rubuta 230/400, zai yi, sai mai gyara ya buɗe akwatin wayoyi ya juya 'yan ƙarafunan haɗi uku zuwa haɗin delta, mai alamar kusurwa uku. In an rubuta 400/690, wannan akwati ba zai ba shi cikakken ƙarfinsa ba.

Akwai kuma maganar kuɗin wuta, ga masu fankar zuƙe ƙurar katako, da abin hura wutar maƙera, da famfo. A irin waɗannan, cin wuta na faɗuwa fiye da yadda gudu ke faɗuwa. A rage gudu zuwa kashi 80 cikin 100, cin wuta ya dawo kusan rabi. Ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa motoci irin waɗannan, wato na lantarki, su ke shanye kashi 43 zuwa 46 cikin 100 na wutar duniya. Sai dai famfon da ke ɗaga ruwa daga rijiya mai zurfi yana da iyaka. In gudu ya yi ƙasa da yawa, zai yi ta juyi ruwa bai hau ba. Injin yanka da injin niƙa kuma ba su cikin wannan rangwame, kada mai sayarwa ya yi muku alkawarinsa.

Yanzu ga inda masu talla ba sa kai maganar.

VFD ba ta ƙara ƙarfin murɗawa. Riƙe shi take yadda yake. Moto mai ƙarfin doki biyu in aka mayar da shi rabin gudu, aikin doki ɗaya zai yi. A mayar da shi kashi ɗaya cikin biyar, abin da ya rage bai kai rabin doki ba. Don haka mai huda ƙarfe da baki mai kauri, ko da ya sayi VFD, bel ɗinsa ya sauka hawan ƙasa tukuna. Fuli ya yi babban ragi, VFD ta yi gyaran tsakani. Shagon da ya haɗa su biyu ya fi wanda ya dogara da ɗaya.

Sai zafi. Fankar moto a jikin sandarsa take. Moto ya rage gudu, fanka ta rage iska, alhali kwayil na ɗaukar wuta kamar da. In za a daɗe ana aiki mai nauyi a ƙasa da rabin gudu, a ɗaura wata fanka daban mai nata soket. Masu ilimin moto na da ƙiyasin da suke aiki da shi: duk ƙarin zafi na digiri 10 a kwayil yana raba tsawon ransa biyu.

Ita kanta VFD ba ta son zafi. Yawancinsu an auna su ne a kan iskar da ba ta wuce digiri 40 ba. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai na wuce haka a inuwa, balle cikin shagon kwano. A sayi wadda ta ɗan fi moton girma. A kafa ta a bango inda iska ke ratsawa. Ƙura ma abokiyar gabarta ce: ta hunturu, ta katako, ta gari. Mafi muni ita ce ƙurar ƙarfe ta giranda, don tana ɗaukar wuta, in ta taru a ciki sai ta haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. A sa ta a akwati mai ragar tace iska, nesa da inda ake wasa ƙarfe, a riƙa hure ta in wuta na kashe.

Gudun sama ma da iyaka. VFD na iya ba da bugu 60, 80, har fiye. Moto zai bi, ƙarfin murɗawarsa na raguwa. Amma zarto da dutsen wasa da faifai, kowanne iyakarsa na nan a rubuce. Mai haɗawa ya kulle iyakar sama a cikin saiti, don kada yaro ya murɗa maɓalli ya wuce ta.

Wajen haɗi, abubuwa huɗu. Wutar layi na shiga ta ƙofar shiga kawai, in aka juya aka sa ta a ƙofar fita, akwatin ya tashi daga aiki. Kada a sa makunni tsakanin VFD da moto, a kunna a kashe daga jikinta. A haɗa wayar ƙasa, ta akwatin da ta moton. Kuma moton nan mai layi ɗaya da kafasita a doro, ba a sa shi a VFD ta gama-gari.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi, a kira yaran shago su ji. Bayan an kashe wuta, kafasitocin ciki na riƙe da bolt sama da 300 a mai layi ɗaya, sama da 500 a mai layi uku. Fitilar fuska na iya mutuwa wutar na nan. Kamfanoni na rubuta lokacin jira a jikin murfi, wasu minti 5, wasu 10, wasu 15. A jira. Sannan a auna da mita kafin a sa hannu. Ɗaukewar wuta ba ta nufin akwatin ya huce.

Mai shirin sayen VFD, ga abin yi kafin a fita. Ka goge allon moton, ka ɗauki hotonsa da waya. Ka nuna wa ƙwararren mai aikin lantarki, ba wanda ke koyo a kan kayanka ba. A kasuwa kuma a duba lambar amfiya, wadda ake rubutawa da harafin A. Ta akwatin ta kai ta moton ko ta fi ta. Ka karɓi littafin saiti tare da akwatin, ka tabbata an shigar da bolt da amfiya da gudun motonka a ciki kafin a ɗora bel.